Aji biyu na bulo a lakwal ɗinmu: inda aiki ya kwana

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

To jama'a, an koma lakwal ranar Litinin 28 ga Oktoba, bayan gwamnati ta ɗage komawar daga 2 ga Oktoba saboda ambaliyar bana, dan a wurare da yawa waɗanda gidajensu suka faɗi cikin azuzuwa suke kwana da ƴaƴansu. Mu nan Damagaram ba sai an ba mu labari ba, kowa ya gani da idonsa, har tsohon masallacin Birni da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19 ya zube ranar 3 ga Satumba, ni da ke koyar da tarihi duk shekara sai na kai ƴan aji can su taɓa ginin da hannunsu, ranar da na je na tarar da tulin ƙasa wallahi na daɗe tsaye ban ce komai ba.

A lakwal ɗinmu ginin siminti bai yi komai ba, amma aji biyu na ƴan siziyam (ajin farko na sakandare) da ke cikin zana ruwa ya tafi da su gaba ɗaya, ko dirka ɗaya ba mu tsinta ba. Dama haka muke yi kowace shekara, a sayi zana da itace da igiya a kafa, damina ta zo ta kwashe, a sake. Yau aka yi taron Kojes, kwamitin da ke kula da tafiyar lakwal, da uwayen yara dan a tara kuɗin zanar bana, ana cikin lissafi sai Baba Sirbeyan, mai kula da tarbiyya da zuwan ɗalibai, ya miƙe, shi da ba ya magana a taro sai in an tambaye shi. Ya ce bana ce shekararsa ta ƙarshe, ƙarshen shekara zai tafi ritaya, kuma tun gobarar Maradi ta Nuwamba 2021 da ta cinye yara sama da 20 cikin ajin zana, bayan ta Yamai a watan Afrilu na shekarar, duk lokacin da ya ga hayaƙi ta wajen katangar lakwal sai gabansa ya faɗi. Ya ce wa Provizar shugaban lakwal, ranka ya daɗe, a kafa zanar tunda yara ba za su zauna a rana ba, amma a bar ni in ga bulo ya tashi kafin in tafi.

Haka aka tashi da shawarar gina aji biyu. Ni aka ba rubutu da ajiye takardun kuɗi, kuma Provizar ya ce in riƙa rubuta duk abin da aka yi, mai daɗi da marar daɗi, dan tsofaffin ɗalibanmu da ke nesa su san inda dalarsu ta shiga.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Maso, wato magini, ya zo ya auna fili, bayan ajin turwaziyam (aji na huɗu na sakandare) ta gabas inda ruwa ba ya kwanciya. Kowane aji mita 9 ne da 7, su biyu manne da juna bango ɗaya a tsakiya, ya ce mu yi shirin bulo kamar 2,400 har da na fandasho.

An ɗan yi gardama. Wasu dattawa sun ce a yi na ƙasa, ya fi arha kuma ya fi sanyi, kuma gaskiyarsu ce, duk wanda ya taɓa shiga soro a Birni ko Zango da tsakar rana cikin bazara ya san magina Damagaram sun san abin da suke yi. Amma ginin ƙasa yana so mai shi ya riƙa yi masa yaɓe duk shekara, ya duba indararo kafin ruwa, lakwal kuwa daga Yuli zuwa Oktoba ba kowa sai mai gadi. Ni ina cikin waɗanda suka ce bulo, bayan abin da muka gani a daminar nan ba zan iya sa hannu a zuba yara 80 ƙarƙashin ginin da ba mai duba shi ba. Abin da ya ƙarfafa mana guiwa shi ne rage kuɗin siminti da gwamnati ta yi a watan Oktoba.

An yanke kowane uba ya kawo jikka ɗaya a kan kowane ɗalibi, ba tilas, kuma ba za a kori yaro ko a kira sunansa gaban aji ba dan ubansa bai kawo ba, wannan Sansar, mataimakin Provizar kan karatu, ne ya nace a kai kuma na ji daɗi. Tsofaffin ɗalibai za su riƙa aikowa ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana da sunan ma'aji.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Tan 3 na siminti ya shigo, buhu 60 ke nan, yana magaza a kan katako, makulli ɗaya wurin ma'aji ɗaya wurin Baba mai gadi. Yashi kamyo biyu. Zanar bana ma an kafa, yara sun shiga.

Asabar, 14 ga Disamba

An fara buga bulo, kuma tun rana ta biyu muka gane siminti ba shi ne matsalarmu ba, ruwa ne. Wanda bai zauna garin nan ba ba zai gane ba, pompon lakwal in ya ga dama sai ƙarfe uku na dare yake kawowa, wani lokaci kwana biyu shiru, bulo kuma in ba a shayar da shi safe da yamma kamar mako guda ba to ƙasa ce kawai ka jera, da ka ɗaga sai ya ruguje a hannunka. Mun fara sayen ruwa wurin ƴan ga-ruwa, kwana uku muka ga in aka ci gaba haka kuɗin rodi zai ƙare a bido. Baba mai gadi ne ya fitar da mu, ya ce a samo masa ganguna, shi dama ba barci yake ba, da ya ji pompo ya fara tari zai tashi ya cika. Wani uban yara mai garaji ya ba mu aron ganga shida. Tun ranar kullum da safe cike muke tarar da su, cikin sanyin nan na hunturu, mutumin da ya haura sittin. Na rubuta wannan ne dan ranar da za a yi godiya kada a tsaya kan masu manyan kuɗi.

Mai buga bulo ya so ya fitar da 40 a buhu dan ya yi mana sauƙi, maso ya ce kar ya wuce 30, muka bi maso.

Jiya kuma muka yi bankwana da Madam ta SVT, darasin kimiyyar halittu da ƙasa, an yi wa maigidanta canjin wurin aiki zuwa Diffa, ita ma takardarta ta fito. Shekara tara tana tare da mu. Ita ce ta sa ƴan sankiyam suka dasa dogon yaron da ke bakin ƙofa, kowane yaro da bishiyarsa da bidonsa, yanzu ƙarƙashinsu masu sayar da awara da ƙosai ke zama lokacin rekire. Abin da ba kowa ya sani ba, ƴan mata da yawa da suka so barin lakwal ita ke zuwa har gida da yamma ta zauna da uwayensu mata, ba ta taɓa kawo maganar a ɗakin malamai ba, sai daga baya mu ji daga bakin yaran. Ƴan mata na turwaziyam sun haɗa kuɗi sun saya mata turmin atamfa, wadda aka sa ta yi jawabi ta fara da Faransanci ta kasa, ta koma Hausa ta ce Madam ki yafe mana, daga nan kuka ya hana ta. Madam ta bar jikka ashirin ga aikin gini ta ce kar a faɗa, na ce mata ni kam sai na rubuta. Har yanzu ba a aiko wanda zai maye ta ba, ga ƴan BEPC (jarrabawar ƙarshen turwaziyam) da ƴan tarminal D (ajin ƙarshe, ɓangaren kimiyya) na jiran darasi.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Labari marar daɗi tukuna. Cikin hutun ƙarshen Disamba an buga bulo na ƙarshe kamar 300, Baba mai gadi ya kwanta zazzaɓi kwana huɗu, ni kuma da ya kamata in leƙo na tafi Matamai gaisuwar rasuwa ban bar wa kowa sallahu ba. Bulon bai sha ruwa ba, da muka gwada sama da 200 suka farfashe. Buhu bakwai ke nan na kuɗin mutane. Na faɗa wa kwamiti laifina ne, kuma zan biya buhu uku daga albashina, abin da zan iya ke nan, sauran malamai suka cike huɗun. Farfasassun ba a zubar ba, maso ya ce za su yi ciko ƙarƙashin daɓe.

An haƙa fandasho an zuba kankare. Ƴan sagwand da ƴan faramiyar ne suka yi jigilar bulo yau, layi suka yi daga inda aka buga har bakin rami suna miƙa wa juna, Baba Sirbeyan na tsaye da usur ɗinsa kamar yadda yake yi a layin safe. Ba mu sa ƴan ajin jarrabawa ba, kuma ba a taɓa lokacin darasi ba, Asabar kawai.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Bango ya kai taga. Yanzu in ka shigo ta ƙofar lakwal kana hango shi, har masu kabu-kabu da ke kawo yara na tsayawa su tambaya.

Sakamakon kompozisiyo na zangon farko ya fito, kuma akwai abin faɗi. Wadda ta zo ta ɗaya a dukkan turwaziyam uku yarinya ce daga Garin Malam, muwayan ɗinta ya haura 17 bisa 20, lissafi 19. Yarinyar nan sai ta kai wa mahaifiyarta kayan koko bakin hanya kafin ta taho, shi ya sa take yawan makara, kuma Baba Sirbeyan da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kan makara ya daɗe da sanin dalili, sai ya juya baya yana duba rajista har ta shige. A ajin zana kuma wani ɗan siziyam ya samu 16, yaron da ke rubutu kaye a kan guiwa, in iskar hunturu ta taso ƙura na zuba kan takardarsa yana hurewa yana ci gaba. Na shiga ajin nan ranar Talata da safe in riƙe wa wani abokin aiki awa ɗaya, rabin yaran tari suke, tablo jingine da dirka yana rawa, abin da mushen ajin maƙwabta ke faɗa kana jin sa kamar a kunnenka yake. A haka yaro ya samu 16.

Amma kada in ɓoye, a siziyam ɗin nan biyu waɗanda ba su kai 10 ba sun fi rabi, da yawansu karatun Faransanci ma da ƙyar suke haɗa baƙi. Bulo ba zai gyara wannan shi kaɗai ba, mun sani. Mushen Faransanci ya fara zama da su Laraba da yamma kyauta.

Ƴan ƙwallonmu sun ci wata lakwal ta Sabon Gari biyu da ɗaya a wasan sada zumunci, mai tsaron gida ɗan katiriyam ya tare fenariti ba takalmi a ƙafarsa. Ranar Litinin an tafa masa a gaban tuta.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Kuɗi sun ƙare. Abin da ke akwati jikka goma sha ɗaya ne, maso na bin mu na mako biyu, ya yi haƙuri amma shi ma yana da leburori. Cikin uwaye kamar kashi biyu cikin uku sun kawo, sauran ba na ganin laifinsu, wanda ɗakinsa ya faɗi a damina har yanzu yana kwana cikin tanti ba za ka je masa da maganar jikka ba. An liƙa lissafin shiga da fita a ƙofar ofishin Sansar, duk mai so ya zo ya duba, rasit na kowane buhu yana wurina.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi, ga zafi ya fara, ga wahalar esansi da ta sauko wa ƙasa a watan nan, layi a gidajen mai tun asuba, abin da ciwo a ce matatar mai ta SORAZ na nan arewa da gari a hanyar Tanut amma malami ya tako da ƙafa daga Karkada da azumi a bakinsa dan babu mai a moto. Aiki ya tsaya cak mako uku. Na riƙa kauce wa wajen ginin dan in na ga bangon tsaye ba linta sai raina ya ɓaci, ina tuna gine-ginen da ke cike da gari waɗanda suka tsaya a taga shekara goma awaki na kwana ciki.

Sai ga shi ranar Alhamis uwaye mata sun zo su bakwai, da Hajiya shugabarsu, ta kwance bakin zane ta ajiye kuɗi kan teburin Provizar, ta ce kwasar adashinsu ce ta wannan wata gaba ɗaya, wadda ya kamata ta kwasa ta yarda a ja mata zuwa bayan Salla. Provizar ya ce Hajiya ga Salla tafe, ta ce Mushe ƴaƴanmu ne ke cikin karan, ba naku ba. Washegari kuma wani tsohon ɗalibi da ke aiki Agadas ya aiko da kuɗin rodi duka, ya ce a gaya wa Baba Sirbeyan wanda ya taɓa kamawa yana tsallake katanga a 2004 ne, Baba ya yi dariya ya faɗi ajin da yaron yake da unguwarsu, bai yi kuskure ba.

Mun kuma rasa mushen fizik, matashin nan ɗan kwantiragi. Ba a yi taro ba, shi ya ce ba ya so. Shekara huɗu yana koyarwa a kan pekil, ɗan kuɗin wata na ƴan kwantiragi, da ba ya isa kuma ba ya zuwa kan lokaci, ga mata ga jariri, ya samu aiki wani kamfani a Yamai, wa zai ce masa kar ya tafi? Shi ne ke haɗa gwaji da batir da waya da gwangwanin madara dan ba mu da labo, yara na rububin ajinsa. Ya bar wa wanda zai gaje shi kwali cike da kayan nan da kayen darasinsa. Irin waɗannan ne ke riƙe da lakwal a ƙasar nan kuma su ne muke sakewa suna zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Asabar, 5 ga Afrilu

Barkanmu da Salla. An zuba linta ranar Alhamis, maso ya ce a bar ta ta sha ruwa kafin a ɗora sauran layuka.

Maganar da ta cika ɗakin malamai a makon nan ita ce sabon kundin tafiyar da ƙasa da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris, wanda ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Kowa da abin da yake faɗa, wasu murna, wasu na tambaya ina littattafan, ina malaman da aka horar, wani abokinmu Babarbare da wani Bazabarme suka ce su fa a tuna da nasu harsunan, kuma maganarsu abin saurare ce. Ana cikin haka Baba Sirbeyan ya shigo neman alli, sai ya ba mu labarin sambol. Ƴan yanzu ba su san shi ba, wani abu ne, ƙashi ko guntun katako da igiya, da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa a lakwal, shi kuma ya yi ta kasa kunne ya kama wani ya miƙa masa, wanda ya kwana da shi ya sha bulala. Baba ya ce ya rataya shi yana yaro ba sau ɗaya ba, kuma da ya fara koyarwa a ƙauye wajen Magarya shi ma ya rataya wa ƴaƴan mutane, ya ce cikin duk aikinsa wannan ne abin da in ya tuna yake neman gafarar Allah. Ɗakin ya yi tsit.

Nan take mushen lissafi ya kawo shawara a rubuta a goshin ginin da Hausa cewa uwaye da malamai da tsofaffin ɗalibai ne suka gina, da shekara, ba sunan kowa. An amince.

Asabar, 26 ga Afrilu

Bango ya kai ƙarshe. Mai walda ya auna ƙarfen rufi, kwano kuma mun sayo a kasuwar Dole bayan ma'aji ya zaga shago biyar. Na nace a bar ramukan iska a sama ta gabas da yamma, dan wanda ya koyar ƙarƙashin kwano ba silin a watan Afrilu, zafi ya haura 40, ya san daga ƙarfe sha ɗaya ba karatu ake ba, yara kwance suke kan tebur. Zana duk da haɗarinta ta fi kwano iska, wannan gaskiya ce da ya kamata mu faɗa. Silin sai baɗi in Allah ya kai mu.

An yi jarrabawar gwaji ta BEPC da ta Bak, jarrabawar gama sakandare. Tarminal A ba laifi. Tarminal D kam SVT da fizik sun ja su ƙasa, ba mamaki, wata huɗu ba malamin SVT na dindindin sai wani da ke zuwa daga wata lakwal sau biyu a mako. Wani tsohon ɗalibinmu da ke karatu a Jami'ar André Salifou ya ɗauki alkawarin zuwa Asabar da Lahadi ya yi musu bita har jarrabawa, yau ya fara, yara 31 suka zo.

Talata, 20 ga Mayu

An gama rufi ranar Juma'a. Daren Lahadi iska ta taso da ƙura irin ta gaban damina, da safe muka tarar da ajin zana ɗaya kwance, ɗayan ya karkace. Kwano ko ɗaya bai ɗaga ba. Provizar bai jira taro ba ya ce a kwashe yara a kai su sabon gini haka nan, ba daɓe ba ƙofa ba taga, aka shimfiɗa tabarmi kan yashi aka jingina tablo da bango. Na tsaya daga waje ina jin su suna ta buga bango da tafin hannu suna ihu dan su ji muryarsu na dawowa. Na je na kira Baba Sirbeyan daga ofis na ce Baba zo ka gani. Ya zo ya tsaya bakin ƙofa, hannu a baya, ya ƙirga su da ido kamar kullum, ya ce biyu ba su zo ba, ya juya.

An kwashe zanar da ta rage an ba Baba mai gadi ya gyara darninsa.

Asabar, 31 ga Mayu

Yau aka yi bankwana da Baba Sirbeyan, an matso da shi kafin Layya da jarrabawa su watsa mutane. Cikin sabon ajin aka yi, aji ɗaya maza ɗaya mata, waɗanda ba su samu wuri ba suka tsaya ta tagogi tunda dama ba ƙyaure. Ban zaci mutane za su zo haka ba. Akwai wanda ya taso daga Gure, akwai daga Tanut, akwai malaman asibiti, soja biyu, wani mai shago a Kano, wata da ke koyarwa yanzu a Miriya ta zo da goyonta. Uwaye mata sun kawo fura da alkaki da nakiya, malamai muka haɗa masa babbar riga da darduma da Alƙur'ani, tsofaffin ɗalibai kuma suka jawo rago har cikin fili suka ce na Layya ne.

Limamin unguwa ya buɗe da addu'a, Provizar ya yi magana, Sansar ya yi. Da aka ba tsofaffin ɗalibai dama kusan kowa da labarin horon da ya sha, wanda aka sa sharar fili, wanda aka aika ya zo da ubansa, ana ta dariya, amma wani da ya tashi daga baya ya ce shi shekarar da mahaifinsa ya rasu yana katiriyam ya daina zuwa ya koma turin kura a tasha, Baba ne ya bi shi har can rana uku a jere, ranar ta uku ya riƙe kurar ya ce ko ka biyo ni ko mu tura tare. Ya ce yau shi ke duba marasa lafiya a wani ƙauye. Bai iya ƙarasawa ba ya zauna.

Baba bai yi dogon jawabi ba. Ya ce duk wanda ya taɓa bugu ko ya faɗa wa magana mai zafi, yaro ko babba, ya yafe masa dan Allah, aka amsa an yafe. Ya gode wa Baba mai gadi da sunansa gaban kowa, ya ce ruwan da ke cikin bangon nan nasa ne. Sannan ya ciro usur daga wuyansa, igiyar ta yi baƙi dan daɗewa, ya haɗa da rajistar makara ya miƙa wa mataimakinsa, ya ce masa ƙanena, kafin ka rubuta sunan yaro ka tambaye shi daga ina ya fito da safen. Daga nan ya zauna. Yarinyar nan ta Garin Malam ce ta kawo masa ruwa, na ga ya ce mata wani abu ta sunkuyar da kai tana murmushi, ban ji ba.

Zai ci gaba da zuwa har a gama jarrabawa, ya ce ba zai bar ƴan turwaziyam su shiga BEPC ba tare da ya duba katin kowa da idonsa ba.

Asabar, 14 ga Yuni

An biya maso duka, ba mai bin mu ko dala. Abin da ke akwati jikka talatin da huɗu.

Abin da ya rage: daɓe, filasta ciki da waje, ƙofa biyu da taga takwas na ƙarfe, tablo na siminti a bango, sai tebur-banci aƙalla 50 dan yara su tashi daga tabarma. Akwai karyayyu kamar 20 jibge bayan magaza, mai walda ya duba ya ce ƙarfensu lafiya lau katako kawai za a sake, wannan zai rage mana sosai. Abin da ya fi gaggawa filastar waje ta gabas da ƙofofi, dan ruwan Damagaram daga gabas yake dukan bango, kuma in aka bar gini buɗe cikin hutu awaki da yaran unguwa za su mai da shi nasu. Maso ya ce buhu 18 zai isa bangon gabas da na kudu. Rubutun goshin gini sai an yi filasta.

Har yau ba a aiko malamin SVT ba, na fizik ma haka, Provizar ya sake rubutawa. Kwamiti zai zauna Lahadi mai zuwa bayan la'asar a sabon ajin, Hajiya ta ce a zo da lissafin ƙofofin a rubuce za ta kai wa matan. Baba Sirbeyan ya ce a bar masa shayar da filasta, gidansa ba nisa, kuma daga Yuli ba shi da layin safe.